Wa Ke Kula Da Yaron Da Ke Kaɗa Ƙararrawa?

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin Hausa na wannan mujalla tamu, domin in faɗi ra'ayina a kan wani abu da ya shafi mu duka da mu ke shirin zama malamai. Maganar kuwa ita ce ta yaran nan 'yan shekara 14 zuwa 18 waɗanda suka ba da kansu ga aikin majami'a a ƙauyukanmu, har ya zama ba su da wani lokaci na kansu. Ni Katolika ne, a makarantar mishan na tashi, saboda haka da yaran Katolika zan yi misali, zama su na fi sani. Amma ina roƙon 'yan'uwana Musulmi da na sauran ɗarikun Kirista kada su tsallake shafin nan, domin kafin in gama kowa zai ga ɗan unguwarsu a ciki.

Mutanen kwalejin nan sun kasu biyu a kan waɗannan yara. Kashi na farko su ne masu cewa wahalar banza ce. In ji su, yaron da ya kamata ya zauna ya yi bitar lissafinsa, ga shi can yana sharar majami'a, yana koya wa 'yan ƙanana waƙa, ƙarshenta ya faɗi jarrabawa ya koma gona. Kashi na biyu kuwa masu yabo ne, yawancinsu kuma 'yan ɗarikarmu ne. Tun ran 7 ga Satumba 2025, sa'ad da Paparoma Leo na 14 ya sa sunan wani yaro ɗan Italiya, Karlo Akutis, a cikin jerin waliyyai, yabon nan ya ƙaru ƙwarai. Yanzu duk yaron da aka ga ba ya fashin Misa sai ka ji ana cewa, "Ga Karlo na garinmu." A tafa masa, a sa masa albarka, kowa ya kama hanyar gidansa. Ni ban yarda da na farko ba, na biyun ma ban yarda da su ba, amma laifin na biyu ya fi girma a wurina, domin su ne ke cin moriyar yaron.

Bari in fara bayyana yadda abin ya ke, don waɗanda suka tashi a birni. A zangon da aka aike mu gwajin koyarwa bara, an tura ni wata sakandare a wajen Ashige, gabas da Lafiya, a kan hanyar nan da ta nufi Shandam. Ƙasar manoma ce, doya da shinkafa da riɗi da agushi da rogo. Mutanen yankin kuwa gauraye su ke, Koro da Eggon da Alago da Tibi da Hausawa da Fulani, Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da majami'a. Katolikan wurin suna ƙarƙashin Dayosis ta Lafiya, wadda aka kafa ran 5 ga Disamba 2000. Bishop Matthew Ishaya Audu ne ya fara riƙe ta, har aka mai da shi Jos a 2020, Bishop David Ajang ya gaje shi a 2021. To, abin da ɗan birni bai sani ba shi ne, a irin wannan ƙasa Fada ɗaya ba majami'a ɗaya ya ke kula da ita ba. Akwai babba inda ya ke zaune, sa'an nan ga ƙanana barkatai a ƙauyuka, waɗansu sai da babur a ke kai gare su, da damina ma sai an tuɓe takalmi. Irin waɗannan in sun ga Fada sau ɗaya a wata sun gode Allah. Sauran Lahadin duka katikis ne ke jan sujada. Katikis kuwa sau da yawa dattijo ne, manomi, ga iyali, ga ido ya fara rauni. Wa zai tallafe shi? Sai yaro.

A ajin da na koyar akwai wani yaro ɗan shekara 16 daga ɗaya daga cikin ƙauyukan nan. Ba zan faɗi sunansa ba, don na san kunya za ta kama shi. Shi ne ke kaɗa ƙararrawa, watau wani tsohon ƙarfen wilin mota da aka rataye a reshen mangwaro, da ƙarfe 6 na safe da 6 na yamma. Ran Talata da Alhamis da la'asar yana koya wa yara katikisim. Ran Laraba taron Rundunar Maryamu. Juma'a da Asabar koyon waƙa, ran Asabar ɗin kuma ga shara da wankin ƙyallayen bagade. Ran Lahadi shi ne mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, ya kuma fassara wa tsofaffi da harshensu. In Fada ya zo shi ne mai hidima a bagade. Bayan an tashi sai taron matasa na CYON, inda shi ne magatakarda. Duk wannan ban da gonar ubansa, ban da tafiyar da ya ke yi a ƙasa zuwa makaranta da komowa.

Kada wani ya ce neman suna ne, ko kuwa tilas aka yi masa. Wata 3 na yi ina koyar da shi, na ga abin da ya ishe ni shaida. Akwai wata tsohuwa makauniya a bayan ƙauyensu, tana nan a kan addinin kakanninta, 'ya'yanta sun watse. Kowace Asabar yaron nan sai ya ɗebo mata ruwa, ya faskara mata itace, ya zauna ta ba shi labarin da. Bai taɓa gaya wa kowa ba, a bakin maƙwabtanta na ji. Ran nan na ce masa, "Ƙanena, duk wannan aiki wa ke biyanka?" Ya sunkuyar da kai, ya yi murmushi, ya ce, "Malam, ai Ubangiji ba ya cin haƙƙin kowa." Wanda ya taɓa ganinsa durƙushe shi kaɗai a majami'a da magariba, ba fitila, ba mai kallo, ba zai ƙara tambaya ba.

Yanzu ga amsata ga masu cewa wahalar banza ce. Ku je ku tsaya a gindin mangwaron nan ran Talata. Yara wajen 40, daga mai shekara 5 zuwa mai 12, harsuna 3 ko 4, ba allo, ba alli, ba benci, ba bulala. Ƙananan ya kan zaunar da su a gaba. Mai saurin fahimta ya haɗa shi da mai nawa. Ba ya fara sabon karatu sai ya tambayi na makon jiya. Tambaya da amsa ya mai da su kamar waƙa, ana yi ana tafi. In ya ga an fara mutsu-mutsu sai ya tashe su tsaye, a yi ɗan wasa, a koma a zauna. Ya san wanda bai ci abinci ba, ya san wanda aka doka a gida, ba ya jefa wa irin waɗannan tambaya mai wuya a ranar. Mu a nan kwaleji zango guda aka shafe ana koya mana waɗannan abubuwa da manyan kalmomin Turanci, muka cika littattafan rubutu, muka zauna jarrabawa a kansu, amma ran da aka tsai da mu gaban aji da yawanmu gwiwa ta yi sanyi, murya ta shaƙe. Shi kuwa a aikace ya koya. Ban da wannan, duk ajinsu ba wanda ya kai shi iya karatu a fili, ko rubuta abin da aka zartar a taro, ko riƙe kuɗin jama'a ba naira ɗaya ta yi ciwon kai. A wane darasi na sakandare a ke koyar da waɗannan?

Wannan kuwa ba sabon abu ba ne. Hanyar nan ta Shandam da na ambata, a can Shandam ɗin ne Fada 3 na ƙungiyar SMA, Oswald Waller da abokansa, suka sauka ran 12 ga Fabrairu 1907, suka kafa mishan na Katolika na farko a arewacin kogin Binuwai. Mutum 3 ba su iya karaɗe ƙasa. Abin da ya yaɗa addinin da karatun boko tare, a nan da sauran wurare, shi ne samarin da aka koya wa karatu yau, gobe aka tura su ƙauye su koya wa waɗansu, da safe malamin makaranta, da yamma katikis. Kakannin da yawanmu a hannun irin waɗannan suka koyi abacada. A Uganda ma haka aka yi. Daudi Okelo, ɗan shekara 16 ko kusa da haka, da Jildo Irwa wanda bai kai shi ba, su aka aika Paimol su riƙe aikin wani katikis da ya rasu. Da asuba Daudi ya kan buga ganga ya tara masu koyo, haka suka yi ta yi har aka kashe su a Oktoba 1918. Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya sa su cikin masu albarka a 2002.

Kai kuma ɗan'uwana Musulmi, tuna makarantar allo ta unguwarku. Wa ke biya wa ƙolo karatu in Malam ya tafi jana'iza ko ɗaurin aure? Ba babban almajiri ba ne? Wa ke share masallaci, ya cika butoci, ya shimfiɗa tabarmi, ya tsaya cikin rana da kayan 'yan agaji ran Juma'a? Kun ga ashe maganar ta kowa ce. A ganina makarantar horon malamai ta farko a ƙasar nan ita ce gindin itace da zauren Malam, kwalejinmu daga baya ta zo.

To, a nan ne zan juya ga mutanena. Ku ɗauki kalandar majami'a ku aza ta a kan ta makaranta, ku ga abin mamaki. Azuminmu na kwana 40 ya kan fara a Fabrairu ko Maris, kowace Juma'a akwai Hanyar Gicciye. Ista ba ta wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, makonta kuwa shi ne mafi nauyi a shekara duka. Daga Alhamis zuwa Lahadi mai hidimar bagade da mawaƙi ba su da barcin kirki, ban da makonnin da aka yi ana shiri. Ana gama wannan sai Mayu, watan Maryamu, kowace yamma a taru a yi addu'ar carbi da mu ke kira Rosari. A Mayu da Yuni ɗin nan ne kuwa a ke zama jarrabawar WAEC, NECO na bin bayanta. A daidai lokacin nan ne kuma ruwa ya sauka, uba na jiran ɗansa da fartanya. Watau watannin da yaro ya fi bukatar littafinsa, su ne majami'a ta fi bukatarsa, su ne kuma gona ta fi bukatarsa, ga shi jiki ɗaya ne da shi.

Abin da na gani a aji ke nan. Kafin ƙarfe 10 ya fara gyangyaɗi. Aikin gida a kan gwiwa a ke yinsa, cikin sauri, rubutun ma ya nuna. Makinsa na lissafi kullum ƙasa ya ke yi, alhali duk malamai sun shaida kansa na ja. Bana ya shiga ajin ƙarshe. In aka bar shi haka, kiredit 5 ɗin nan da jami'a ke nema, sai dai ya ji ana labarinsu.

Ba zato na ke yi ba, domin an riga an ga irinsa. Kafin shi akwai wani saurayi a ƙauyen, shekara 5 ya yi yana kaɗa ƙarfen nan. Ya zauna jarrabawa, lissafi da Turanci suka kā da shi. Kuɗin sake zama ya gagari ubansa. A shekarar nan jama'ar majami'ar sun tara kuɗi sun sayi sababbin ganguna da lasifika da yadin anko na bikin godiyar kaka, amma ba wanda ya miƙe a cikinsu ya ce a taimaki yaron nan. Yau yana Lafiya yana acaɓa da babur ɗin wani, kuma ya daina shiga kowace majami'a. Na same shi a tasha muka yi hira. Bai zagi kowa ba. Cewa ya yi, "Malam, sa'ad da na ke da amfani ni ɗan kowa ne. Da na faɗi, sai na zama ɗan babana shi kaɗai." A ƙauye kuwa in an ambace shi sai a girgiza kai, a ce birni ya lalata shi, a sa shi cikin addu'a. Ni ina ganin tun kafin ya hau motar Lafiya aka yi hasararsa.

Na kai maganar gaban Baba Katikis, da ladabi, zama ya haife ni. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma nuna mini wani." Ban ga laifinsa ba, shi ma ɗan abin da a ke ba shi bai taka kara ya karya ba. Fada kuwa kullum yana kan babur daga wannan ƙauye zuwa wancan. Laifin na magidanta ne masu jini a jika, waɗanda ke cika bencin gaba ran Lahadi da manyan riguna, amma ba mai iya zuwa ran Talata ya zauna da yara sa'a guda. Akwai kuma sauran samarin da ba a ganinsu sai ran rabon riga ko ran tafiya taro a wani gari. Jakin da ba ya harbi shi a ke jibga wa kaya. Kowa ya san yaron nan ba zai ce a'a ba, domin a ganinsa in ya ce wa katikis a'a, Allah ya ce wa. Bangaskiyarsa ce ta ɗaure masa baki. Wanda ya san haka kuwa ya ci gaba da ƙara masa kaya, ya ci amanar bangaskiyar nan, ko da da sunan Allah ya yi.

Tun da Karlo a ke kira, bari mu dubi Karlon. An haife shi a Landan ran 3 ga Mayu 1991, ya girma a Milan, ya rasu ran 12 ga Oktoba 2006 da ciwon sankarar jini, yana da shekara 15. Gaskiya ne ba ya wasa da Misa, yana taimakawa wajen koya wa yara katikisim a majami'arsu, yana kai wa masu kwana a titi abinci, ya kuma yi amfani da kwamfuta ya tattara labaran al'ajiban Jibi Mai Tsarki. Amma masu wa'azi su kan manta da rabin labarin. Iyayensa masu hali ne. Sakandaren ƙungiyar Jezuwit ya shiga. Bai taɓa tashi da asuba ya yi kunyar doya kafin ya tafi aji ba, ba a taɓa koro shi don kuɗin makaranta ba. Majami'arsu ta cikin birni ce, da Fada a zaune, abin da ya yi ƙari ne a kan na manya. Ban faɗi wannan don in rage masa daraja ba, yaron da ke da komai ya zaɓi Allah ai yabonsa ya zama dole. Amma in za a ɗora wa namu sunansa, sai a ba shi ko kaɗan daga abin da Karlo ya samu, watau lokaci da littafi.

Wanda ya fi dacewa mu malamai mu duba shi ne Don Bosko na Turin, da almajirinsa Dominik Sabiyo, wanda ya rasu a 1857 yana da shekara 14, aka sa shi cikin waliyyai a 1954. Yaron nan don tsananin son Allah ya so ya riƙa wahalar da jikinsa, da azumi mai tsanani, da kwana cikin sanyi ba bargon kirki, da sa tsakuwa a shimfiɗarsa. Don Bosko ya hana shi ƙememe. Ya umurce shi ya riƙe karatunsa, ya yi biyayya, ya shiga wasa da 'yan'uwansa da fara'a, wannan ya isa. Kun ji babba ke nan. Yaro mai zafin bangaskiya bai san iyakar ƙarfinsa ba, kamar ɗan bijimin da aka fara ɗaura wa garma. Aikin babba ne ya ce, "Ya isa haka, je ka huta." A ƙauyukanmu masu cewa a ƙara sun yi yawa, mai cewa ya isa ne ya yi wuya.

Na 'yan mata ma ya fi haka. Su ne shara, su ne girki in an yi baƙi, su ne ƙashin bayan mawaƙa, sa'an nan su koma gida ga daka ga ɗiban ruwa. Koyon waƙa ya kan kai su ƙarfe 9 na dare, kowa kuwa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki na 'yan fashi da masu satar mutane. Bai kamata a bar yarinya ta koma gida ita kaɗai cikin duhu ba, bai kuma kamata a kira ta ita kaɗai ɗakin wani namiji ba, ko wace irin riga ya ke sawa. Mu kan ba su labarin Vivian Ogu ta Benin, shugabar ƙungiyar yara a majami'ar Waliyyi Bulus, wadda 'yan fashi suka harbe ran 15 ga Nuwamba 2009 tana da shekara 14 don ta ƙi yarda su ɓata ta. A 2023 aka buɗe binciken sa ta cikin waliyyai. Jaruma ce, ina girmama ta. Amma kafin ranar nan ita da 'yan ƙungiyarta sun tara kuɗi sun biya wa yara marasa lafiya kuɗin asibiti, wannan kuwa ba a cika faɗa ba, mutuwar a ke ta nanatawa. Ku lura, duk yaran da mu ke kafa misali da su a ƙuruciya suka mutu, har yaro ya ɗauka cewa ƙarshen mai tsoron Allah ke nan, kabari da wuri. Ina so in ga mun fara kafa misali kuma da wanda ya kaɗa ƙararrawa yana yaro, ya ci jarrabawarsa, ya zama malami ko malamin asibiti ko na gona, ya komo garinsu har ya yi furfura yana koya wa jikoki.

Abin da na ke nema bai fi ƙarfin kowace majami'a ba. Daga farkon azumi har a gama NECO, duk yaron da ke ajin ƙarshe a sauke masa aikin duka, ban da zuwa sujada ran Lahadi kamar kowa. Fada ne kuma zai faɗi haka da bakinsa a gaban jama'a, domin in ba daga bakinsa ya fito ba yaron ba zai yarda ba, zai ga kamar korarsa aka yi. Koyon waƙa a tashi kafin magariba. Daga kuɗin bikin kaka a ware na jarrabawar masu hidima tun kafin a taɓa shi, a rubuta a littafi, a karanta wa jama'a. Iyayenmu na Zumuntar Mata kuwa, na san in suka sa baki an gama, don ban taɓa ganin abin da suka ƙudura ya gagara ba. In an ce to wa zai kaɗa ƙararrawa, ai dattawan bencin gaba ma suna da hannu.

Mu kuma malaman gobe, namu ya fi kusa. Yaro ya makara, ko ya yi gyangyaɗi a aji, abu mafi sauƙi shi ne bulala, ko a sa shi noman filin makaranta, watau a ƙara wa mai kaya kaya. Kafin ka ɗaga hannu, tambaye shi abin da ya yi tun asuba. In ka ji, kada ka yi masa ba'a da addininsa. Na ji wani malami na kiran yaron nan "Fada ƙarami" duk sa'ad da ya kasa lissafi, 'yan aji na dariya. Irin wannan ba ya raba yaro da majami'a, da lissafin ya ke raba shi. Kada kuma ka ce masa ya zaɓi ɗaya, Allah ko littafi, domin na san wanda zai zaɓa. Ka je ka ga ubansa, ka ga katikis ko liman, ka zauna a tabarmarsu, ka nuna musu makin yaron baƙi a kan fari, zama da yawansu ba wanda ya taɓa nuna musu. Sa'an nan ka shiga masa ta ƙofar da ya sani. Lissafin kashi cikin ɗari da ya gagare shi a allo, na ga yana yin irinsa da ka in yana raba kuɗin baiko ran Lahadi.

Akwai kuma abin da za mu iya yi tun ba mu karɓi takardar shaida ba. Yawancinmu daga irin ƙauyukan nan muka fito, can kuma mu ke komawa hutu. Na yi shawara da waɗansu ɗalibai Katolika na kwalejin nan, mu 7 mun yarda cewa a hutun Ista mai zuwa za mu rarrabu a ƙauyukan wajen Ashige da Asakiyo, mu karɓi ajin katikisim da koyon waƙa daga hannun 'yan ajin ƙarshe, da safe kuma mu yi musu bitar lissafi da Turanci kyauta. Bitar ta kowa ce, Kirista da Musulmi, saboda haka muna neman 'yan'uwa daga kowane ɓangare, musamman 'yan sashen lissafi, zama cikin mu 7 ɗin nan mutum 1 ne kaɗai ya san kansa sosai. Masauki da tuwo mutanen gari sun ɗauka, kuɗin mota kowa zai biya nasa. Wanda ke so ya ba Malam Edita sunansa kafin ƙarshen wata, ko ya same ni a bakin ɗakin karatu bayan abincin yamma.